Martani: Ko An Kawo Kuɗin, Katangar Tana Nan

Makalar da wani malamin jami'a, wanda ya girme ni a shekaru da aiki, ya rubuta a wannan shafi kwanakin baya ta yi farin jini a wajen abokan aikinmu, kuma ban yi mamaki ba. Abin da ake faɗa a ɗakin hutun malamai ne ya fito da shi fili. A ganin Malam, wannan sabon yayi na shigo da dabarun masu zayyana cikin binciken jami'a, wai don masana fannoni daban-daban su yi aiki tare, shirme ne da aka yi wa ado. Abin bai wuce a tara manyan mutane a otal ba, a raba musu 'yan takardu masu launi su manna a bango, a ci abinci, a sa hannu a takardar alawus, kowa ya koma sashensa. Ya ce ciwon jami'o'inmu rashin kuɗi ne da rashin wuta da rashin kayan ɗakin gwaji. Ya ce ilimi zurfi yake so, wanda ya raba hankalinsa gida uku ba zai ƙware a ko ɗaya ba. Ya kuma ce kayan Amurka ne, a bar musu abinsu.

Game da taron otal, Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓata tawada wajen kare shi ba. Ko a Amurkar ma an daɗe ana sukar masu yawo da wannan salo suna sayar da shi kamar maganin kowace cuta. Inda muka rabu shi ne, Malam ya ɗauki taron otal a matsayin aikin kansa, ya yanke wa aikin hukunci da laifin masu kwaikwayonsa.

Abin da mai zayyana na gaskiya yake yi ba shi da wani sirri. Kafin ya taɓa takarda sai ya je ya zauna da wanda zai yi amfani da abin, ya ga yadda yake rayuwa. Sau da yawa a nan ne zai gane cewa tambayar da ya zo da ita ba ita ce tambayar ba. Daga nan ya ƙera samfuri mai arha, ko da na kwali ne da zare, ya miƙa wa mutumin ya gwada, ya tsaya yana kallon inda abin zai gaza, ya koma ya gyara, ya sake kawowa. Amfanin wannan ga masana fannoni daban-daban shi ne, yana ajiye musu abu ɗaya a tsakiya da za su yi gardama a kansa. Likita da injiniya da masaniyar halayyar jama'a za su iya kwana uku suna magana a kan "lafiyar mata a karkara" ba wanda ya fahimci wani, domin kowa da yarensa na sana'a. Amma a ajiye musu wata na'ura a kan tebur, a kira ungozoma ta ɗauka ta ce ba za ta iya riƙe ta da hannu ɗaya ba, nan take duk ukun sun san abin da ke gabansu.

Bari in fara da maganar kuɗi, tunda a kanta Malam ya fi tsayawa. A ƙaddara gobe an wayi gari TETFund ta ninka kuɗin bincike sau goma. Me zai faru? Kowane sashe zai sayi na'urarsa, ya sa a ɗakinsa, ya kulle, mabuɗi ya koma aljihun shugaban sashe. Sashen da ke maƙwabtaka da shi zai rubuta takardar neman irin wannan na'ura, domin aro ya fi saye wuya. Kuɗi kamar kwaɓin siminti yake, siffar injin bulon da aka zuba shi ita zai ɗauka. Katangar da ke tsakanin sassanmu ba talauci ya gina ta ba, mu muka tsara ta da hannunmu, a cikin ƙa'idojin ƙarin girma da tsarin kasafi da yadda muka jera gine-gine.

A duba halin ƙaramin malami mai jiran ƙarin girma. A jami'o'inmu da dama, makin da zai samu a kan takardar bincike yana raguwa gwargwadon yawan waɗanda suka rubuta ta tare da kuma inda sunansa ya faɗo a jeri. In takardar ta fito a mujallar wani fanni, kwamiti na iya cewa ba ta cikin fanninsa. In an aika da takardunsa ga masu tantancewa na waje, 'yan fanninsa zalla za a aika wa. Yaron nan ba rago ba ne, lissafi ya iya. Ya ga cewa shekara biyu da zai ɓata yana koyon yadda zai yi magana da masanin ƙasa ko masanin tattalin arziki, abokinsa ya fitar da takardu huɗu shi kaɗai ya wuce shi. Kuma kada a ce wannan ciwon matalauta ne. A 2016 mujallar Nature ta buga wani nazari da aka yi a kan takardun neman tallafin bincike sama da 18,000 da aka miƙa wa hukumar bincike ta Ostireliya, aka gano cewa duk yadda takarda ta ƙara haɗa fannoni, haka damar samun tallafinta take raguwa. Ostireliya ba ta fama da rashin wuta.

Haka zancen gini. Thomas Allen na jami'ar MIT ya auna a shekarun 1970 yadda injiniyoyi suke magana da juna a wurin aiki, ya ga cewa yawan maganar yana faɗuwa da sauri yayin da nisan teburansu yake ƙaruwa, in an kai wajen mita 50 kusan ta ɗauke. A wannan jami'a ne aka yi wani gini na katako da ake kira Gini na 20, wanda aka yi cikin gaggawa a 1943 don binciken na'urar hango jirage lokacin yaƙi, da niyyar a rushe shi in yaƙi ya ƙare. Ba a rushe shi ba sai 1998. Saboda ba wanda ya ɗauke shi da daraja, sai aka riƙa jefa duk wanda ba shi da ofis a ciki, kuma kowa na iya fasa bango ya ja waya ba tare da neman izini ba. A nan Noam Chomsky da Morris Halle suka zauna suka gina ilimin harshe na zamani, kusa da masu binciken sauti da lantarki. Mafi munin gini a harabar shi ya fi haihuwa. Yanzu a dubi namu: a Zariya masu shari'a da mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika, injiniyoyi da masu zayyanar masana'antu suna Samaru. Akwai dalilan tarihi da suka kawo haka, ba laifin kowa ba ne, amma wanda ya ce nisan ba ya shafar irin binciken da ake yi bai gaya wa kansa gaskiya ba.

Sai zancen cewa kayan Amurka ne. Nan ne na fi jin nauyin Malam, domin amsar tana ƙofar gidansa.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana ba manoma shawarar su shuka amfani iri ɗaya a gona, layi-layi, kamar yadda ake yi a filin gwaji. Manoma suna ji, suna godiya, suna komawa su haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Bayanin da ya fi sauƙi a lokacin shi ne jahilci da riƙon al'ada. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka yi abin da ba a saba ba. Suka sa ma'aikata a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin magidanta akai-akai tsawon shekara, suna rubuta wa ya yi aiki, a wace gona, na awa nawa, me aka girbe. Abin da ya fito ya juya tambayar gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙaranci a wajen manomin ba ƙasa ba ce, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin noma da maimai. Haɗa shuka yana ba shi riba mafi yawa a kan wahalar da ya sha a wannan ƙuncin, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi hannu rabbana. Norman ya buga wannan a 1974, masana shuka na Samaru suka shiga gwajin haɗa shuka da kansu, kuma aikin ya zama ɗaya daga cikin tushen salon binciken da ke duban gona da gidan manomi a dunƙule, wanda ya bazu a duniya daga baya. Masanin shuka shi kaɗai ba zai ga wannan ba, domin ma'auninsa buhu nawa a eka. Masanin tattalin arziki shi kaɗai ba zai san abin da wake yake yi wa ƙasa ba. Manomi ne ya haɗa su, bayan an yarda a je a tambaye shi. An yi wannan a ƙasar Zazzau shekaru kusan arba'in kafin a buɗe makarantar zayyana ta Stanford da Malam yake yi wa dariya.

Misali na biyu yana cikin kasuwar Dawanau yau ɗin nan. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san abin da ƙwaro yake yi masa cikin wata biyu ko uku. Don haka manomi ke sayarwa da kaka a arha, ko ya zuba magani. Maganin nan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, saboda burbushin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. A ƙarshen shekarun 1980, Larry Murdock, masanin ƙwari na Jami'ar Purdue, da masana na Kamaru a Marwa suka gwada hanyoyin ajiya ba tare da magani ba: toka, zafin rana, da kuma leda ninki uku. Ta ukun tana aiki sarai. In aka toshe iska, ƙwarin za su shanye 'yar wadda ta rage, su daina ci, su mutu.

Ilimin ya tabbata, an buga shi, amma shekaru suka yi ta wucewa buhun bai cika kasuwa ba. Dalilin ba a ɗakin gwaji yake ba. Manomi ya ji bayani ya gamsu, ya je kasuwa bai sami leda mai kaurin da ake bukata ba, ya sayi wadda ya samu, ta huje, wake ya lalace, ya ce ƙarya ne. Sai a 2007, da tallafin Gidauniyar Gates na sama da dala miliyan 11, aka sake ɗaukar aikin da wata fuska. Masanin tattalin arziki Jess Lowenberg-DeBoer ya shigo da tambayar wa zai ƙera, wa zai sara, nawa manomi zai iya biya. Aka tsayar da siffa ɗaya: leda biyu masu kaurin maikuron 80 a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga ƙerawa. Masana na cibiyar INRAN a Maraɗi suka yi ta gwaji a yanayin ƙauye. Malaman gona suka bi ƙauyuka sama da 30,000 a ƙasashe goma, kuma ba lacca suke yi ba. A gaban jama'a ake cika buhu a ɗaure, a bar shi a hannun mutanen gari, bayan watanni a dawo a yi taron buɗe buhu, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba da idonsa. Buhun PICS ke nan, wanda yanzu har masara ake ajiyewa a ciki.

Na san abin da Malam zai ce: ai ga shi nan, kuɗin Gates ne ya yi aiki. To amma kuɗin bai sayo ilimin ba, ilimin ya yi kusan shekara ashirin yana zaune. Abin da aka ƙara shi ne mutanen da ba masana ƙwari ba, da kuma yarda cewa ba a gama bincike ba sai abin ya yi aiki a hannun matar da ke da tiya goma ta wake a ɗaki. Da an miƙa wannan kuɗi ga sashen ƙwari shi kaɗai, da mun sami ƙarin takardu masu kyau a kan rayuwar ƙwaron wake.

Wannan misali kuma ya amsa batun zurfi. Ba wanda ya ce Murdock ya bar ƙwari ya koma koyon kasuwanci. Zurfinsa ne ma ya sa shi da abokansa suka gano daga baya cewa ba shaƙewa kaɗai ke kashe ƙwarin ba, har da ƙishirwa, domin da iskar suke samar da ruwan jikinsu daga abin da suka ci. Mai ilimi sama-sama ba zai kai nan ba. Malam ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: mutum ɗaya ya tsinci kaɗan-kaɗan daga fanni uku, da mutum uku masu zurfi su yi aiki a kan matsala ɗaya. Na farko ni ma ina tsoronsa. Makarantar Stanford ɗin kanta, wadda David Kelley ya jagoranci kafawa kuma Hasso Plattner ya ba ta dala miliyan 35 a 2005, ta yi shekaru da dama ba ta ba da digiri. A lokacin ɗalibi yana nan a fanninsa, likitanci ko injiniyanci ko kasuwanci, zuwa yake yi ya yi aiki da wasu ya koma.

Daga ajinta ne a 2007 aka ba wasu ɗalibai aikin ƙera kwalbar jarirai bakwaini mai arha, domin ta asibiti tana kai dala 20,000. Ɗaya daga cikinsu, Linus Liang, ya je Nepal ya tarar da kwalabe a asibitin birni ba jarirai a ciki, saboda jariran a ƙauye ake haifarsu kuma ba sa isowa. Sai suka bar zancen kwalba, suka ƙera wata 'yar jakar kwanciya mai ɗauke da fakitin kakin da ake ɗumamawa, ya riƙe zafin jikin mutum na awoyi. Abin da ya fi burge ni ya faru a Indiya. Sun sa ma'aunin da ke nuna digiri 37, sai iyaye mata suka gaya musu cewa maganin Turawa ƙarfi gare shi, in likita ya ce cokali ɗaya rabi suke bayarwa, don haka jakar ma ba za su bari ta kai 37 ba. Aka cire lambar, aka sa alamar da ke nuna ya yi ko bai yi ba. Babu lissafin injiniya da zai fito da wannan, kuma da ba a ba matan samfurin sun riƙe ba, da jarirai ne za su biya kuɗin kuskuren.

Akwai abubuwan da aka yi da sunan zayyana suka zama abin kunya, kuma da Malam ya kawo su da makalarsa ta fi ƙarfi. Famfon PlayPump, wanda aka ce yara za su riƙa wasa da lilo mai juyawa ruwa yana hawa tanki, ya sami alkawarin sama da dala miliyan 16 a 2006. Ba a daɗe ba aka tarar yara sun gaji, mata ne ke tura lilon, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Sai dai abin da ya kashe shi shi ne an yaɗa shi kafin a tsaya a ga yadda mutanen gari za su yi da shi, wato an tsallake matakin da ya fi muhimmanci a cikin salon.

Abin da nake nema kuwa bai kai kuɗin janareta ɗaya ba. Majalisar jami'a tana iya gyara ƙa'idar ƙarin girma a zama ɗaya, ta ce a takardar haɗin gwiwa kowa ya bayyana abin da ya yi, a ba shi maki a kan wannan, kuma a cikin masu tantancewa a sa mutum ɗaya daga fannin da aka yi aikin tare. Ana iya ware ɗaki ɗaya, ko tsohon sito ne, da tebur da kayan aikin hannu, wanda ba na kowane sashe ba ne. Ana iya barin ɗaliban ajin ƙarshe daga sassa uku su yi aikin kammalawa ɗaya, malamai uku su duba. Masu ba da tallafi kuma suna da abin koyi a hukumar binciken injiniyanci da kimiyya ta Birtaniya, wadda tun farkon shekarun 2000 take tara masana ashirin zuwa talatin daga fannoni daban-daban na kwana biyar a kan matsala ɗaya, su kafa ƙungiyoyi, su soki shawarwarin juna, a ranar ƙarshe a yanke waɗanda za a ba kuɗi. Bambancinsa da taron otal ɗinmu shi ne akwai kuɗin bincike a ƙarshensa, kuma wanda bai kawo komai ba haka zai koma. Cibiyar binciken noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero ta riga ta nuna cewa ana iya zaunar da masana ƙasa da shuka da dabbobi da tattalin arziki a inuwa ɗaya a nan Kano.

Ba na jayayya da Malam cewa muna bukatar wuta da kayan aiki da albashin da zai riƙe mutum, kuma in an fita neman su ina bayansa. Amma waɗannan a hannun Abuja suke, sai an ga dama. Ƙa'idar ƙarin girma kuwa a hannunsa take, shi da sauran manyanmu da ke zama a kwamitoci. Nan da 'yan watanni fayil ɗin wata ƙaramar malama zai zo gabansa, da takarda mai sunaye shida, nata na huɗu, a mujallar da ba ta sashensu ba. Ina roƙon Malam, kafin ya rage mata maki, ya kira ta ya tambaye ta me ta yi a cikin aikin.